Yankan Ozem a Birnin Shilmara

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɗaga sama, ya raba wa mutane harsuna da al'adu, ya bar kowa yana ganin tasa ce daidai. Ku matso, jikokina, manyanku da ƙanananku. Ni ce Tasalla 'yar maƙera, zan ba ku labarin abin da bakina ya jawo a wata ƙasa mai nisa, da wahalar da ƙafafuna suka sha kafin su gyara shi.

Shekarar da kakanku ya rasu, zaman gida ya ishe ni. Sana'ata wasa wuƙa, a wurin mahaifina na koya. Tun ina yarinya nake jin fatake suna cewa a bayan Tekun Gishiri akwai wani dutsen washi, idan ya taɓa ƙarfe sau uku ƙarfen zai tsaga gashi biyu. Na ɗaure kayana na bi ayari. Wata huɗu muna tafiya. Mun ratsa dajin da itatuwansa ke juya wa baƙo baya, mun wuce garin da ake ɗiban inuwa a kwando, har muka iso bakin tekun. Babu jirgi a wurin. Kunkuru ne ke ƙetarar da mutane, faɗin kowanne ya kai masussuka, mutum ashirin ke zama a bayansa. Kwana tara muka yi a kansa. Ba ya sauri, ba ya tsayawa, kuma babu wanda za ka yi wa faɗa.

A ƙetare na tarar da birnin Shilmara. Mutanensa Bani Isra'ila ne da suka ɓace wa 'yan'uwansu tun zamanin da ba a tunawa. Dutsen da na sha wahala a kansa kuwa, da shi suke gina dakalin ƙofar gida. Na tsinci guda a bakin hanya, na zauna na yi kukan haushi, sannan na share fuska na fara aiki.

Aiki kuwa akwai shi. Mutanen nan ba sa yanka sai sun bi bakin wuƙa da farce, su hau su sauka, su sake. Idan farcen ya ɗan sarƙe a wani wuri, ko da ido bai ga komai ba, wuƙar ta tashi daga aiki. Kafin shekara ta zagayo na iya harshensu, kuma har wuƙaƙen gidan hadaya ni ake kawo wa.

Gidan hadayar yana tsakiyar birni, da bagade a cikinsa, wato dakalin dutse inda ake ƙona abin da aka miƙa. Masu hidima a wurin zuriyar Annabi Haruna ne kaɗai, uba ya bar wa ɗa. Dokarsu a kan wannan ba ta da sauƙi. Duk wanda ba ɗan zuriyar ba ya sa hannu a hidima, ana ɗora shi a kan baƙin kunkuru mai tafiya yamma, wanda bai taɓa dawowa da kowa ba.

A gidan wata mata mai suna Tirza na sauka, ita ke kirana Yaya. Mijinta Ozem makiyayi ne, irin mutumin da idan ka taka masa ƙafa shi zai ba ka haƙuri. Shekara goma sha huɗu suna tare babu haihuwa. A shekarata ta biyu a gidan, Allah ya ba su 'ya mace. Ni na fara yi mata wanka. Ozem ya shiga garkensa ya zaɓi ragon da ya fi so, ya ce da shi zai yi hadayar godiya.

Da hantsi muka je. Ni na tsaya bayan shingen da baƙi ba sa wucewa, amma ina ganin komai. Babban mai hidima tsoho ne, Baba Matanya. Hannunsa ya daɗe yana rawa, kowa ya sani, babu mai faɗa. Ɗan ƙanensa Abihud ya durƙusa da tasar tarar jini. Ozem ya dafa kan ragonsa. Baba Matanya ya ɗaga wuƙa, hannun ya kama rawa, ya sauke. Ya sake ɗagawa, ya sake saukewa. A wurinsu idan hannu ya tsaya a tsakiyar yanka, dabbar ta ɓaci ke nan. Ragon ya fara shure-shure, tsohon yana zufa, jama'a kowa ya sunkuyar da kai kamar ba ya gani.

To ni a inda na tashi, ranar layya kowane magidanci shi ke yanka ragonsa. Ban ga abin jira ba. Na ɗaga murya daga bayan shinge na ce, "Ozem, ragonka ne. Karɓi wuƙar ka yanka, ka hutar da tsohon nan."

Ozem bai taɓa musa wa kowa ba. Ya miƙa hannu, Baba Matanya kuwa ya sakar masa. Jan wuƙa ɗaya, tsaf, yadda ban taɓa ganin mahauci ya yi ba. Abihud ya tara jinin tun kafin tunani ya zo masa. 

Kafin azahar Ozem yana ɗaure a gaban Alƙali Zabdi. Abihud ne mai ƙara. Ya ce yanka hidima ce, kuma makiyayi ya yi ta a gaban idon gari. Alƙali ya tambayi Baba Matanya, tsohon ya ce shi dai tun kakan kakansa bai ji wani ya riƙe wuƙa a wurin ba sai ɗan gidansu, daga nan ya sunkuyar da kai. Na kutsa na ce ni ce mai laifi, a ɗora ni a kan kunkurun. Alƙalin ya ce dokarsu hannu take hukuntawa, ba ta da komai a kan bakin baƙuwa. Ya ce baƙin kunkuru zai iso gaɓa da safiyar kwana na takwas. Idan kafin nan wani ya kawo hujja cewa yanka ba ya cikin hidima, za a saki Ozem. Idan babu, zai hau.

Da na koma gida, da Tirza ta zage ni da na ji sanyi. Tana zaune tana ba jaririyar nono, ta ce, "Yaya, shekara goma sha huɗu na jira yarinyar nan ta zo ta ga ubanta." Ta juya fuskarta bango. Na ɗauki dutsena da ɗan guzuri na fita.

Aka ce mini babu malami kamar na Hasumiyar Amsa, tafiyar yini daga birni. Hasumiyar dogowa ce, kanta yana cikin gajimare. Ba a hawa. Aku ne ke saukowa, ka faɗa masa tambayarka, ya tashi da ita sama. Na faɗa wa wani koren aku zancena tun daga farko. Ya tafi tun safe, sai da rana ta take ya dawo, ya sauka a kafaɗata ya ce, wace irin wuƙa. Na gaya masa. Ya tafi, ya dawo da la'asar ya ce, rago ne ko tunkiya. Washegari ya dawo yana tambaya ko mai yankan yana fuskantar arewa. Na ce masa uban wa ya damu da arewa, mutum za a raba da 'yarsa. Ya tashi da wannan ma.

Na ɗaure zanina na kama matakala. Mutanen ƙasa suna ce mini ba a yi, na ce yau an fara. Na ƙirga har ɗari uku na daina ƙirga. Gwiwoyina suna kuka na kai ɗakin sama, na tura ƙofa. Malamin yana zaune a kujerarsa, amma ƙasusuwa ne cikin alkyabba, gizo-gizo ya yi saƙa tsakanin haƙarƙarinsa. Ya fi shekara hamsin da rasuwa. Aku ne birjik cike da ɗakin, suna maimaita tambayoyin da suka ji yana yi wa mutane. Amsa ko ɗaya ba su riƙe ba. Na yi wa bawan Allah addu'a, na sauko. Kwana uku sun tafi.

Daga nan aka nuna mini Kogon Shimfiɗa, inda wasu malamai biyu wa da ƙane suke karantarwa, Malam Hilkiya da Malam Azarya. Ina shiga, wani ƙaton dutse ya gangaro ya rufe ƙofar a bayana. Cikin kogon da haske, mutane a zaune sahu-sahu. Na zauna kusa da wani mai furfura, na tambaye shi yaushe ake amsa tambaya. Ya ce sai an gama shimfiɗar karatu. Na ce yaushe aka fara. Ya ce shi yana saurayi ya shigo, ya zo tambaya ko ya halatta ya auri wata yarinya 'yar maƙwabtansu. Ya ƙara da cewa dutsen ba ya buɗewa sai malaman sun yi shiru a lokaci ɗaya, kuma shi bai taɓa gani ba. Ko barci, ɗaya ke yi ɗaya na magana.

Ban jira shimfiɗa ba. Na miƙe na jefa musu tambayata a tsakiyar karatu. Abin mamaki, sun ji daɗinta. Malam Hilkiya ya ce yanka hidima ce, tunda a tsattsarkan fili ake yinsa. Malam Azarya ya ce ai shara ma a filin ake yi, ko tsintsiya ma ta zuriyar Haruna ce. Hilkiya ya ce da wuƙa hadaya take fara zama hadaya. Azarya ya ce a'a, mai ita ne ya keɓe ta tun daga garke. Raina ya fara sanyi, na ce to Malam Azarya ya rubuta mini wannan in kai wa alƙali. Sai ya ce ai shi ba ra'ayinsa ba ne, yana gwada ƙarfin hujjar yayansa ne kawai, kuma kafin a yanke magana dole a koma a duba mene ne wuƙa. Suka koma farko.

Yini biyu na yi a kogon nan ina jin tarihin wuƙa, ni da aka haifa a maƙera. A guzurina akwai zuma da ƙaro. Na roƙi wata mata garwashi, na dafa su tare har suka yi kauri, na mulmula manya guda biyu. Na je gabansu na durƙusa na ce alewar garinmu ce, ba a ba malami ɗaya a bar ɗaya, kuma albarkarta sai an ci tare. Suka jefa baki a lokaci guda. Haƙoransu suka haɗe. Kogon ya yi shiru irin wanda bai taɓa yi ba, dutsen ya gangara gefe. Na fizgi hannun mai furfurar nan na ce tashi mu tafi. Ya ƙi, wai ya kusa jin amsarsa. Na bar shi na ruga.

Rana ta shida ke nan, hannuna babu komai. Na kama hanyar birni ina tafiya ina faɗa ni kaɗai, ina tsine wa ilimin da ba ya kwance igiya daga hannun mutum. Ƙishirwa ta tsayar da ni a wani ƙauye, a ƙofar wata tsohuwa mai suna Kezaya. Ta ba ni ruwa, ta ga dutse a ƙuguna, ta fito da almakashinta da ya dushe. Na zauna ina wasawa don in huce.

Gidanta gidan zubin tagulla ne. Tasoshi ne rataye a bango, kowace da kunnuwa biyu. Na ce ta sauko mini da ɗaya in zuba ruwan washi. Da na ajiye ta sai ta kife. Na sake, ta sake kifewa. Na duba gindinta, ashe tsini ne da shi. Na ce, "Iya, duk shekarunki ba ki iya yi wa tasa gindi ba?"

Ta ce in kama bakina, tasar tarar jini ce ta gidan hadaya, kuma da gangan ake yinta haka, don kada mai hidima ya ajiye ta jinin ya daskare kafin ya kai bagade. Ga nauyi, sai da hannu biyu take ɗaukuwa. Ta ce a kan zubin farko suke yi har yau, wanda kakan kakanninta ya yi wa Eliyada. Na ce wane ne Eliyada. Ta dube ni kamar na tambayi sunan rana. Ta ce lokacin da gida saba'in suka ƙetaro teku suka kafa Shilmara, mutum ɗaya ne ɗan zuriyar Haruna a cikinsu, shi ne Eliyada. Shekara talatin yana hidima shi kaɗai kafin 'ya'yansa su tasa, kuma ko safiya ɗaya ba ta wuce ba a yi hadaya ba. Wannan kowa ya sani, da shi ake yaye yara.

Na ajiye almakashin. Na ce, "Shi kaɗai, da tasa a hannu biyu. To wa ya riƙe wuƙar?"

Ta sosa kai, ta ce ita dai zubin tasa ta sani.

Na roƙe ta aron guda. Yini ɗaya da rabi na yi ina ɗauke da ita. A kai ba ta zama, a ƙasa ba ta zama, ko abinci a cinya nake rungume ta in ci. A hanya na karɓi salkar ruwa a wurin wasu makiyaya da suka san Ozem.

Da safiyar kwana na takwas na iso gaɓa. Gari duka yana wurin. Baƙin kunkurun ya riga ya fito, ya kwantar da kansa a kan gishiri yana jira. Ozem yana tsaye a ɗaure, ya rame. Tirza tana gefe da goyo, ba ta dube ni ba. Alƙali Zabdi ya sa an kawo masa kujerarsa har bakin ruwa. Ya tambaye ni wane malami ne ya ba ni hujja. Na ce babu, ɗaya ya mutu, biyu ba su gama shimfiɗa ba. Ya ɗaga hannu zai ba da umarni, na ce ya yi mini haƙuri kaɗan, aiki zan ba Abihud.

Na kwantar da salkar a ƙasa. Na ba Abihud wuƙa da tasa. Na ce ya ɗauka wannan rago ne, ya kama wuyan da hagu yadda ake yi, ya yanka da dama, ya tare ruwan a tasa, kada tasar ta taɓa ƙasa, kada kowa ya taimake shi. Ya ce ba zai yi wasan yara ba. Alƙali ya ce ya yi. Ya maƙale tasar a hammata, ta zame. Ya sa ta tsakanin gwiwoyi, ya ja wuƙa, tasar ta karkace, ruwan ya wanke masa farar rigarsa tun daga ƙirji. Wasu suka yi dariya a ɓoye.

Na ce, "Allah ya gafarta alƙali, ni ban yi karatu ba. Amma yanka hannu biyu yake ci, tasa ma hannu biyu. Eliyada ya yi shekara talatin shi kaɗai. Ko dai hannu huɗu gare shi, ko kuwa wani makiyayi irin wannan ne ya riƙe masa wuƙa."

Abihud yana matse riga ya ce wancan lokacin larura ce, larura kuwa tana halatta abin da aka hana.

A nan Baba Matanya ya miƙe, yana dogara sanda. Muryarsa ba ta rawa kamar hannunsa. Ya ce, "Ɗana, larura ba ta aiki a hidima. Idan babu ɗan zuriya da zai kai jini bagade, haƙura ake yi da hadayar, ba a ba wani. Ni na koya maka wannan. Da yanka hidima ce, da Eliyada ya bar bagaden ya huce." Sannan ya ce da ya faɗi haka tun ranar farko, amma ya ji kunyar a ce hannunsa yake nema wa mafita.

Alƙalin ya daɗe yana shafa gemu. Sai ya tashi, ya ɗaga murfin kujerar da yake zaune a kai, ya ciro wata naɗaɗɗiyar fata da ta yi baƙi don tsufa. Ya warware ta yana bi da yatsa. Ya ce ga jerin ayyukan hidima a nan, kuma daga tarar jini suka fara, sai ɗaukarsa, sai yayyafa shi a bagade. Yanka ba ya cikinsu. Kowane ɗan jama'arsu mai tsarki da ya iya, namiji ko mace, yana iya yi. Gidan Haruna ne suka yi yawa daga baya, suka riƙa yi da kansu, har aka manta.

Na ce, "Wannan fatar, duk kwanakin nan a ƙarƙashinka take?"

Ya ce e.

Na ce, "Me ya hana ka buɗe ta ranar da aka kawo shi?"

Ya ce abin da kowa ya sani ba a duba shi a littafi.

Abin da na gaya masa ba zan maimaita muku ba, don ku yara ne. Allah ya taimake ni da harshenmu na faɗa. Suna nan suna shawarar wane ne ya dace ya kwance igiyar, ko mai ƙara ko ɗan sandan alƙali, na ɗauki wuƙar da Abihud ya yar na yanke ta. Ozem ya ce mini sannu da wahala, Yaya, ki yi haƙuri. Shi ke ba ni haƙuri. Na ce ya rufe mini baki ya wuce wurin matarsa.

Ni ban bi su ba. Na mayar wa Kezaya tasarta ta hannun wani ɗan ƙauyensu, na yi ta yawo a kasuwa har la'asar, don ban san da wace fuska zan shiga gidan ba. Da yunwa ta ci ƙarfina na je na tsaya a bakin ƙofa. Ozem yana kwance a tabarma cikin inuwa, barci ya kwashe shi, jaririyar tana kan ƙirjinsa ta damƙe masa gemu. Tirza tana tuƙa abinci. Ta dubi ƙafafuna da suka tsattsage, ta tashi ta ɗebo ruwan ɗumi a ƙwarya ta ajiye a gabana.

Ta ce, "Sa ƙafarki, Yaya. Jibi za mu kai yarinyar gidan hadaya a yi mata addu'a."

Na ce to Allah ya kai mu, da wane zani zan je.

Ta ce, "Ke za ki tsare mana gida."

Iyakar abin da idona ya gani ke nan a wannan tafiya. Wanda ya ji, Allah ya ba shi albarkar ji. Inda na rage, mantuwar tsufa ce, Allah ya yafe mini.